Baba Wuri Ɗaya da Jikar Mai Shara

Akwai wani dattijo da ke tsara rumbun bayanai a wani kamfanin inshorar lafiya. Ma'aikata suna ce masa Baba Wuri Ɗaya, don ƙa'idarsa ba ta canzawa: kowane bayani a rubuta shi wuri ɗaya tak. Sunan mutum daban, iyalansa daban, asibitinsa daban, lamba ce ke haɗa su. In an gyara sau ɗaya, an gyara ko'ina.

Amma fa tsakani da Allah, tsarin Baba akwai nawa. Kafin kwamfuta ta tattaro bayanan mutum ɗaya, layin marasa lafiya a asibiti ya kai bakin ƙofa.

Sai aka kawo sabon shugaban sashe. Ya kwafe komai ya zuba a jeri guda, ya ce asibitoci su riƙa dubawa nan. Kafin ka ƙifta ido suna ya fito. Ofis ya kaure da tafi.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, masu rajista a asali, wato rumbuna, suke rubutu. In asali ya canza, wa zai sabunta kwafin?"

Shugaban ya yi dariya. "Baba, ka huta. Ƙarshen shekara ma za mu kashe naka gaba ɗaya."

Aka mayar da teburinsa ɗakin injuna. Ba taga, sai sanyi da ƙugin na'ura. Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Nan yake buɗe kwanon abincinsa ya ci rabi ya rufe. Wallahi kaɗaici ya ci Baba. Duk ginin nan, mai shara ce kaɗai ke leƙowa ta ce, "Baba, an tashi lafiya?"

Wata safiya ta shigo ba tsintsiya, idanu jajur.

"Baba, jikata jaririya ce numfashi ke yi wa wuya. Asibiti sun ce babu sunanta a inshorarmu. Da hannuna na kai takardar rajistarta, wata biyu ke nan!"

Baba ya buɗe asali. Ga sunan yarinyar nan ƙarƙashin lambar kakarta. Ya duba kwafin, wayam. Tun ranar da aka yi tafi ba a sake taɓa shi ba. Ya ƙara bincikawa, sai ga jarirai fiye da ɗari uku a irin wannan hali.

Ya hau bene da gwiwarsa mai ciwo, ya ajiye takarda gaban shugaban. "Ranka ya daɗe, a fara kiran asibitin nan, sauran magana daga baya."

Aka kira, aka karɓi yarinya. Shugaban ya sunkuyar da kai. "Baba, a koma naka kawai."

"A'a," in ji Baba. "Mai neman numfashi ba za ta iya jiran layina ba. A bar kwafinka, amma kowace awa ya ɗebo daga asali."

Haka aka yi. Wannan karon ba wanda ya tafa, teburin Baba ma yana nan ɗakin sanyi.

Bayan mako guda aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai shara ce, da goyo a bayanta.

"Ga wadda ka ajiye wa suna, ta zo gaishe da kakanta."

Baba ya miƙa yatsa, yarinyar ta damƙe. Rabon da wani ya riƙe masa hannu tun ranar ta'aziyyar matarsa.

Darasi: Sauri yana da daɗi, amma kada ka wulaƙanta mai kula da asali don aikinsa ba ya jawo tafi. Ka leƙa wanda aka manta a lungun ofishinku, ka gaishe shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.