Fararen Rigunan da Tela Ta Ɗinka

Jama'ar wannan shafi, yau ku ɗan ajiye raha a gefe. Labarin nan ya tsaya mini a rai tun da na ji shi.

Akwai wata mata mai ɗinki da ke haya a saman wani gidan bene. Kowa Tela yake ce mata. Mace ce mai fara'a, in tana taka keken ɗinki har waƙa take yi. Mijinta mai haɗa wayoyin lantarki ne, ana ce masa Injiniya, kuma yana jin sunan nan har cikin ƙashinsa. Suna da 'yar ƙaramar yarinya da suke kira Lele.

A ƙasansu akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana sayar da ƙanƙara. Duk gidan Gwaggo ake kiranta.

Da Tela ta haifi ɗa namiji, aka sha murna. Amma ba a jima ba ta fara canzawa. Barci ya ƙaurace mata. Waƙa ta ɗauke. Ta toshe ƙasan ƙofa da tsummoki, ta juya madubin ɗinkinta ya fuskanci bango.

Wata rana Gwaggo ta hau kai mata ruwan sanyi, ta same ta tsaye a kicin, ta kara kunne jikin famfo.

"'Yata, me kike saurare?"

"Daga tankin rufin bene suke magana," in ji Tela, murya ƙasa-ƙasa. "Sun san sunan yarana, Gwaggo. Har na jaririn."

Gwaggo ta ajiye mata ruwan ta sauka. Da yamma ta tare Injiniya a bakin matakala.

"Ɗana, ka kai yarinyar nan asibiti. Wannan ya wuce gajiyar jego."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Wato matata ce ta haukace?"

"Ban ce ba. Na ce a duba ta."

"A danginmu ba a wannan ciwon, a nasu ma haka. Ki ji da ƙanƙararki. Kada in ƙara ganin ƙafarki a ɗakina."

A gaban maƙwabta ya faɗa. Gwaggo ta haɗiye maganar, ta koma ɗakinta. Amma daga ranar ba ta ƙara rufe ƙofarta da rana ba.

Bayan 'yan kwanaki sai aka ji keken ɗinki ya dawo aiki. Tun safe har yamma yana ƙara, ba waƙa, ba hutu. Injiniya ya yi ta faɗa wa mutane, "Kun gani? Ga ta nan ta warke. Masu baƙin baki sun ji kunya."

Ran nan da tsakar rana, maza duk sun fita nema, keken ya yi shiru.

Gwaggo na ƙulla ruwan ƙanƙara a leda sai ta ga mutum tsaye a bakin ƙofarta. Lele ce. An yi mata wanka, an taje gashinta, tana sanye da doguwar farar riga sabuwa fil, ba ado ko ɗaya a jikinta. Ƙafarta ba takalmi.

"Gwaggo, Mama ta ce in zo in yi miki sallama."

"Ina za ku, 'yar nan?"

"Sama. Inda ba a kuka. Ta ce kada in ji tsoro, ita za ta riƙe mini hannu."

Gwaggo ta kama hannun Lele. Ta tura yarinyar ɗakin matar wani maƙwabci, ta ce wa matar, "Riƙe ta, ko wa ya kira kada ki sake ta. Ki buga wa ubanta waya yanzu." Sannan ta kama ƙarfen matakala ta hau.

Ƙofar a buɗe take. An share ɗakin tas, an wanke kwanuka an kife, an lulluɓe keken ɗinki da zane. Tela na zaune a bakin gado cikin farar riga, jaririn a hannunta cikin farin yadi. Kusa da ita ga mabuɗin ƙofar rufin bene.

Abin da ya fi ba Gwaggo tsoro shi ne fuskarta. Murmushi take yi. Tun da ta haihu ba a ga natsuwa irin wannan a tare da ita ba.

"Gwaggo, ke ba kya cikin masu tafiya."

"Na sani, 'yata. Rakiya na zo."

"Sun ce in na bar su a nan, za a cutar da su. Ni kaɗai zan iya ɓoye su."

Gwaggo ba ta musa mata ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

"Gwiwata ta gaji da hawa. Bari in huta tukun. Ba ni shi in yi masa sallama, ai jikana ne."

Tela ta daɗe tana kallonta. Ta karkata kai gefe, kamar mai jiran izini daga wani da ba a gani. A kicin famfo na ɗiga. Sai ta tashi a hankali ta miƙa jaririn.

Gwaggo ta goya shi, ta ɗaure zanen tamau. Ta kama hannun Tela ta zaunar da ita, ta yi ta jan ta da hirar yadi da zare, har aka ji gudun Injiniya a matakala.

Da ya shigo, matarsa ta dube shi ta ce, "Ka dawo da wuri. Taka tana cikin akwati, ban gama kalmasa ta ba."

Ya buɗe akwatin. Farar riga ce, daidai tsayinsa. Nan ya durƙushe.

A ranar aka kai ta asibiti. Likita ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, yana sa mutum ya ji muryar da babu, ya gaskata abin da ba shi ne ba. Ta ce yana da magani, amma ba ya son jinkiri.

Tela ta yi watanni tana jinya. Da hankalinta ya dawo, ta tuna komai, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

"Gwaggo, wallahi ban taɓa ƙin su ba. Gani nake ceton su zan yi."

"Na sani," in ji Gwaggo. "Ciwo ne, ba ke ba ce."

Shi kuwa Injiniya, a gaban maƙwabtan nan da ya wulaƙanta Gwaggo a idonsu, ya sauko ya tsuguna.

"Gwaggo, da kin yi fushi da ni kin rufe ƙofa, da yau ba ni da kowa."

Ta ce, "Tashi, ɗana. Ka je ka tuna mata lokacin maganinta ya yi."

Darasi: Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane, ba abin kunya ba ne, kuma ba ya tambayar dangin wa zai shiga. Idan uwa ko uba ya daina barci, yana jin muryoyi, ko yana maganar tafiya da yara, kada a bar shi shi kaɗai da su, a garzaya asibiti a ranar. Girman kai ya kusa binne gida guda, haƙurin tsohuwa ya tsamo shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ake da mai jego.