Wanda Ya Raina Atisaye

A Kalgo, ya 'yan uwa, an yi wani mutum da Allah ya hore wa ninƙaya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mahaifiyarsa tana raye. Tun yana ƙarami, in damina ta cika fadama, babu mai riga shi ƙetarewa.

Wani dattijo mutumin Gwandu, Malam Attahiru, mai horar da 'yan ninƙayar jiha, shi ya gan shi ya ɗauko shi. Ya kai shi kwamin ninƙaya na birni, ya koya masa tseren gajeren zango, irin wanda ƙiftawar ido ke raba na ɗaya da na biyu. Ya koya masa faɗawa ruwa, da riƙe numfashi, da yadda tafin hannu ke kama ruwa ya tura shi baya. Ba a daɗe ba ya ci zinariya a gasar jiha.

Daga nan Shaiɗan ya sami ƙofa.

Aka riƙa nuna shi a kasuwa. Masu shayi suka daina karɓar kuɗinsa. Sai ya fara ganin tashin asuba zuwa atisaye aikin masu koyo ne. Ya tsallake yau, ya tsallake gobe. Makonni suka zama watanni, yana majalisa ana ba shi labarin kansa, ga tsire, ga barcin hantsi.

Malam Attahiru ya hau babur daga Gwandu ya same shi gaban abokansa. Ya ce, "Ɗana, mi na yi maka? Hannu yana manta kamun ruwa, ƙirji yana manta wahala. Ka taho mu koma."

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni da abuna aka haife ni. Ba kai ka ba ni ba."

Gaskiya ne ba Malam ya ba shi ba. Amma ya tuna Wanda ya ba shi?

Tsohon ya juya babur ɗinsa ya tafi.

Gasar ƙasa ta matso. A ciki akwai tseren mutum huɗu: kowa ya yi zangonsa ya taɓa bango, na gaba ya faɗa. Yana cikin huɗun da jiha ta zaɓa. Sauran ukun ba su taɓa fashin atisaye ba. Babbansu Abdulrasheed ne, ɗan Kambaza, wanda shekaru suka fara cim masa, kuma an yi musu alkawarin aikin koyarwa in sun ci. Hukumar wasanni ta ce a cire mutumin nan na Kalgo. Malam Attahiru, saboda ƙauna, ya tsaya masa, ya ce in an sha kaye a ɗora a kansa.

Ranar gasa shi aka sa a ƙarshe. Ukun farko suka yi abin da ya fi ƙarfinsu. Lokacin da Abdulrasheed ya taɓa bango, sun ba kowa tazarar tsawon mutum.

Mutumin Kalgo ya faɗa ruwa. Rabin farko kamar da, har jama'a suka miƙe. Daga nan ya ji hannunsa yana zamewa, yana duka amma ba ya tafiya. Cinyoyinsa suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun yashi. Ƙirjinsa ya kama wuta. Ya ɗaga kai neman iska inda da ba ya ɗagawa, sai ya ga na damansa ya wuce. Na hagu ya wuce. Wani ma ya wuce. Yana jin muryar Abdulrasheed daga bakin kwami yana kiran sunansa, har muryar ta karye.

Da ya taɓa bango bai iya fitowa ba. Abdulrasheed ne ya miƙa hannu ya jawo shi, hawaye na zuba.

Aka sallami Malam Attahiru, ya koma gonarsa a Masama. Aikin koyarwa ya tafi. Mutumin namu kuwa ya dawo Kalgo, majalisar da ke yabonsa ta mai da shi abin dariya. Ya gwada komawa ruwa shi kaɗai, amma babu mai riƙe masa agogo, babu mai gyara masa hannu, kuma babu ƙungiyar da za ta ƙara yarda da shi.

Daga baya ya tafi Masama ya durƙusa a gona yana kuka. Tsohon ya jingina fartanya ya ce, "Nawa na yafe tun ran nan. Amma na Abdulrasheed ba ni da ikon yafe shi. Je ka neme shi."

Ya je Kambaza. Aka ce Abdulrasheed ya tafi ci-rani kudu, ko iyayensa ba su da lambarsa. Har yau, duk motar da ta tsaya a tashar Kalgo daga kudu, sai ya leƙa.

Ya 'yan uwa, baiwa amana ce. Wanda bai gode mata da aiki ba, za a karɓe ta yana kallo. Kuma girman kai ba ya kayar da mai shi kaɗai, yana haɗawa da waɗanda suka jingina da shi. Wa ya jingina da kai yau? Wa ya tsaya maka, kai kana barci?

Allah ka raba mu da girman kai, kada ka sa mu kwanta kabari da haƙƙin wanda ba mu san inda za mu same shi ba. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.