Ɗakin Baba da Ƙarfe Mai Hoton Ganye

Akwai wani mai zanen gine-gine da kowa ke kira Injiniya, har uban da ya haife shi. Jikokina na wannan shafi, ku nutsu, yau ban zo da abin dariya ba.

Injiniya ya gina sabon gida a filin mahaifinsa. Gida ne irin na yanzu, ba ya shan wuta, ba ya ɓarnar ruwa. Farantan hasken rana a kan rufi, tankin tara ruwan sama a gefe, tagogi na kallon inda iska ke fitowa.

To akwai masu zuwa duba irin wannan gini, gidan zama ne ko shago ko ofis. In gini ya ci maki, sai su ba shi shaida, a kafa masa ƙarfe mai hoton ganye a bakin ƙofa. Wannan ganyen Injiniya ya ɗora wa rai.

Sai dai a bayan gidan akwai ɗakin Baba. Ɗakin ƙasa ne mai kaurin bango, kwanon rufinsa ya yi ja don tsatsa. Baba da hannunsa ya gina shi. A ciki aka haifi Injiniya, a ciki mahaifiyarsa ta cika. Mayafinta na rataye a ƙusar bayan ƙofa, Baba bai taɓa yarda a sauke ba.

Wata safiya Injiniya ya durƙusa ya ce, "Baba, masu duba gini sun kusa zuwa. Ka ɗan je wajen Yaya ka huta, sai sun gama."

Baba ya ce, "Au, shi ma gidan jarrabawa zai zauna? Allah ya sa ya fi mai shi kai. Kai sai da ka maimaita aji."

Injiniya ya yi yaƙe.

"Ɗakina fa?"

"Yana nan, Baba. Ɗan gyara ne kawai."

Baba ya ɗauki jakarsa da sandarsa. Ya dubi mayafin, ya bar shi a wurin, ya ce, "Ba daɗewa zan yi ba."

Ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba, leburori suka hau rushe ɗakin. Aka kwashe ɓaraguzai, aka shuka ciyawa. Kada in zalunci Injiniya, ya shirya wa Baba ɗaki a cikin sabon gidan, da banɗaki da katifa mai laushi. Amma bai tambayi Baba ba. Bai tambayi kowa ba.

Yaya ta yi ta kiran waya. "Ƙanena, tsohon nan ya rage cin abinci. Kullum jakarsa a ɗaure, yana zaune a bakin ƙofa."

"Yaya, ki lallaɓa shi, an kusa."

"Ni zan lallaɓa maka? Ka zo ka faɗa masa da bakinka mana!"

Bai je ba.

Ranar dubawa, wata mata mai tabarau ce ta jagoranci masu aikin. Ta duba famfo, ta duba tagogi, ta zaga baya. Sai ta ga wani wuri mai kusurwa huɗu inda ciyawa ta ƙi kamawa, don daɓen ɗakin ya yi tauri.

Ta ce, "Nan da gini ne?"

"Wani tsohon ɗaki ne. Na kawar da shi kada ya ɓata mana maki."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Wa ya gaya maka? Mu in mun ga an gyara tsohon gini an bar shi, ƙarin maki muke bayarwa. Rushewar ce ɓarna. Da ka tambaya ai."



Duk da haka gidan ya ci. Aka kafa ƙarfen. A ranar Yaya ta kawo Baba, don ya ƙi zama a gidanta. Injiniya ya tare shi zai nuna masa ganyen, Baba ya wuce ko kallo babu, yana dogara sanda, ya zaga baya.

Ya tsaya a kan daɓen. Ya daɗe a tsaye.

Can ya ce, "Mayafin uwarka fa?"

Mayafi ya bi ɓaraguzai, ba wanda ya san inda aka zubar.

Wallahi da Baba ya zage shi, da ya fi sauƙi. Sai ya juya ya ce wa 'yarsa, "Mayar da ni."

A gidanta ya rasu, damina ba ta ma kai ƙarshe ba.

Ƙarfen na nan yana ƙyalli, baƙi na tsayawa su ɗauki hoto. Shi kuwa Injiniya, kowace yamma yana baya da bokiti, yana ba wurin nan ruwa. Har yau ciyawar ba ta kama ba.

Darasi: Ginin da ke tsimin wuta da ruwa abu ne mai kyau, ku yi. Amma kafin ku ɗaga guduma a kan abin da tsohonku ya gina, ku zauna ku tambaye shi, kuma ku gaya masa gaskiya. Shaida ana sake nema, uba ba a sakewa. Ku tura wa duk mai gini da iyayensa ke raye.