Tsallaken da Nu'uman Ya Yi wa Rumbun Kwaleji

Akwai wani ma'aikacin ɗakin karatu a wata kwaleji da ke Wudil, ana ce masa Nu'uman. Shi ke kula da rumbun kwalejin na intanet, inda ake adana kundayen binciken ɗalibai da ayyukan malamai. Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, shi ya sa ba ya son a ce masa da ka yi kaza.

Manhajar da ke tafiyar da rumbun ta tsufa. Tana kan siga ta huɗu, alhali masu ita har sun fitar da ta bakwai. Da shugabar ɗakin karatu, Dakta Safara'u, ta ce a sabunta ta kafin masu tantance kwasa-kwasai su zo, Nu'uman ya ce ai wannan aikin yini ɗaya ne.

Abokin aikinsa Elisha, mutumin Gombe, ya ce, "Malam Nu'uman, a bi ta daki-daki. Daga huɗu a hau biyar a gwada, sannan shida, sannan bakwai. Kowace siga da gyaran da take yi wa tsarin bayanan, ta gaba kuma a kansa take ɗorawa. Kafin komai ma, a ɗauki kwafi a ajiye a wani wuri."

Nu'uman ya yi dariya a gaban sauran ma'aikata. "Elisha, da wannan tsoron naka har mu yi ritaya muna kan huɗu. Ka bar mini sashena."

Elisha ya koma kan aikinsa.

Ranar aikin, Nu'uman ya fara ɗaukar kwafin, sai wuta ta ɗauke ana tsaka da yi. Da ta dawo ya ga kwafin bai kammala ba. Ya duba agogo, ya ce ba komai, ya ɗora siga ta bakwai kai tsaye a kan ta huɗu.

Da farko abu ya yi kamar zai tafi. Can sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, komai ya tsaya. Ya buɗe shafin rumbun, fari fat. Ya yi ƙoƙarin komawa kan ta huɗu, ita ma ta ƙi tashi, domin an riga an sauya rabin bayanan an bar rabi. Fayilolin suna nan a cikin na'ura, dubbai, amma babu mai suna, sai dogayen lambobi. Abin da ke faɗin wannan na wane ne, shi ne ya wargaje.

Ya kulle ƙofa ya yi ta gwaje-gwaje, duk abin da ya taɓa sai ya ƙara lalacewa. Abinci ya daina shiga cikinsa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce matsalar sabis ce.

Ana cikin haka Dakta Bilkisu, malamar tarihi, ta shigo ofishinsa. Ta shafe shekaru tana zirga-zirga zuwa Darki da Ɗankaza tana naɗar muryoyin tsofaffi, suna ba da labarin noma da fari da yadda aka kafa unguwanninsu. Yawancinsu sun rasu. An sace kwamfutarta a mota, don haka babu inda muryoyin suka rage sai a rumbun.

Ta ce, "Malam Nu'uman, ni ba sabis na zo tambaya ba. Ka dube ni ka gaya mini, suna nan?"

Ya kau da kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ta fita a hankali, ko ƙofar ba ta ja ba.

Ranar Lahadi da la'asar ya hau babur ya nufi gidan Elisha a Sabon Gari. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya, aka kawo ruwa. Nu'uman ya riƙe kofin bai sha ba.

"Na tsallaka, Elisha. Daga huɗu zuwa bakwai."

"Kwafin fa?"

"Bai kammala ba. Na gani da idona, na wuce." Ya ajiye kofin. "Na yi maka rashin mutunci a gaban jama'a. Amma don Allah kada ka duba ni, ka dubi muryoyin mutanen nan."

Elisha ya ce, "Abu na farko, kada ka sake taɓa na'urar. Akwai tsohon kwafi a ofishin shugaba, na shekarar bara waccan, da shi za mu fara. Amma gobe sai ka faɗa mata da bakinka. Ina tsaye a gefenka."

Dakta Safara'u ta saurare shi har ya gama. Ta ce daga yau Elisha ne ke riƙe da sashen, maganar hukunci kuma sai an ga abin da ya tsira.

Suka ɗora tsohon kwafin a wata kwamfuta daban, suka hau biyar, suka gwada. A shida wani gyara ya ƙi wucewa, suka yi kwanaki a kansa. Nu'uman ya ga hanyar da za a kauce masa, har ya kai hannu, sai ya janye da kansa. Masu tantancewa suka zo suka tarar da rumbun a rufe, suka rage wa kwalejin maki. Nu'uman ya ji labarin yana zaune a gaban kwamfuta, ya kifa kai a tebur.

Daga ƙarshe suka kai bakwai, rumbun ya tashi. Sai dai duk abin da aka saka bayan tsohon kwafin, dole a buɗe shi ɗaya bayan ɗaya a gane na waye. Kundayen ɗalibai ba su ba da wahala ba, sunan mai shi yana shafin farko. Murya kuwa ba ta da shafin farko.

Dakta Bilkisu ta gane wasu. Sauran muryoyin kuma, Nu'uman da Elisha suka ɗauka suka tafi da su Darki da Ɗankaza, suna kunna wa mutane a ƙofar gidaje. A Darki wata tsohuwa mai suna Ikilima ta ji wata murya, ta dafe ƙirji ta ce, "Ya'u ne, mijin yayata. Haka yake jan numfashi in zai yi magana." Ta roƙi a maimaita mata, aka maimaita.

Amma akwai waɗanda babu wanda ya shaida su. Waɗanda suka san masu su, su ma sun tafi.

Da suka dawo, Elisha ya ce zai shigar da ragowar muryoyin a rumbun. Nu'uman ya ce a'a, shi zai yi. Ya zauna, ya saurari kowace murya daga farko har ƙarshe, sannan a gurbin suna ya rubuta: "Wani dattijo, ba a san sunansa ba."

Darasi: Aikin da aka tsara shi mataki-mataki, kada girman kai ko gaggawa su sa ka tsallake. Ka saurari mai ba ka shawara ko da kana ganin ka fi shi sani, ka kuma tuna abin da ke hannunka amanar wasu ce, ba duk ɓarna ce ake iya gyarawa ba. Idan ka yi kuskure, ka faɗa da wuri. Ku tura wa abokan aikinku, wataƙila akwai wanda hannunsa ke kan irin wannan tsallaken a yau.