Mai Washin Wuƙa a Ƙofar Injin Hoto

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ana ce masa Malam Nomau. Ba malamin karatu ba ne, girmamawa ce kawai. Sana'arsa washin wuƙa. Yana da wani tsohon keke da ya ɗaura wa dutsen washi. Kullum sai ya kafe keken a bakin mahauta, ya hau, ya yi ta taka feda, dutse na juyawa, tartsatsi na tashi. Mahauta su kawo wuƙaƙe, teloli su kawo almakashi, matan gida su aiko da wuƙar yanka alayyahu. Da ƙafarsa yake ciyar da iyalinsa.

To, sai ciwon baya ya kama shi. Ya fara daga ƙugu, ya gangara ƙafar hagu, har taka feda ta gagare shi. Aka sha jiƙo, aka yi ƙaho, aka yi gashi, shiru. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce ba zai taɓa bayan nan ba sai ya ga abin da ke ciki. Ya rubuta masa wani hoto da ake kira MRI. Ba irin hoton ƙashi da muka sani ba ne. Wannan har jijiya yake nunawa. Kuma injin guda ɗaya ne, a babban asibitin birni, mutane kuwa ga su nan birjik. Aka ba shi rana, wata huɗu nan gaba.

Wata huɗu, 'yan uwa. Keke a jingine, ƙafa ba ta takuwa. Amma bawan Allah nan bai yi ƙorafi ba.

Da ranar ta zo, wani mahauci mai suna Ɗan'azumi ya raka shi. Ɗan kawunsa ne, taubashinsa, kun san kuwa tsakanin taubasai ba a raba su da tsiya. Tun a mota yake zolayarsa.

"An ce injin kamar kabari yake. Ka bar wasiyya? Ni keken kawai nake so."

Malam Nomau ya ce, "Kai da ko wuƙarka ba ka iya wasawa, me za ka yi da keke?"

Suka isa da hantsi. Wata ma'aikaciya ta zaunar da su a wani ɗan ɗaki kafin ɗakin injin. Ta ce, "Baba, injin nan maganaɗisu ne, mai ƙarfin gaske, kuma ba a kashe shi. Duk wani ƙarfe da ya kusance shi sai ya fizge shi. Don haka komai na ƙarfe a nan zai tsaya."

Ya cire agogo. Ya fito da makulli da waya da 'yan sulalla. Ya cire zoben azurfa. Ta hango wata laya a damtsensa, ta ce ita ma a cire, don ba a san abin da aka ɗinke a ciki ba. Ta ba shi rigar asibiti ya sa. Ɗan'azumi ya dube shi ya ce, "Wallahi ta yi maka kyau, saura ɗankwali."

Sai ta ɗauko takarda ta fara tambaya. An taɓa sa maka na'ura a zuciya? A'a. An taɓa yi maka aiki aka bar ƙarfe a ƙashi? A'a. Harsashi fa? A'a. Haƙorin da ake cirewa? A'a.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Washin wuƙa, 'yata."

Ta ajiye biro. Ta ce, "To wannan tambayar ka yi tunani kafin ka amsa. Ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido? Zan gaya maka gaskiya, in amsar e ce, yau ba za ka shiga ba. Sai an duba idon tukuna, wani ya shiga a madadinka."

Ku saurara da kyau, nan ne wurin.

Shekara goma sha biyar da suka wuce, yana wasa wani gatari, wani ɓurɓushin ƙarfe ya yi tsalle ya shige masa idon dama. Ba a je asibiti ba. Wata tsohuwa ce a unguwarsu, ana ce mata Iya, wadda ta saba cire ƙwaro da tsakuwa daga ido da harshenta, ta lashe idon, ta tofar, ta ce ya fita. Ido ya yi ja kwana uku, ya washe. Tun daga ranar bai ƙara jin komai ba. Babu tabo. Babu takarda. Tsohuwar ma ta rasu.

Duk wannan ya faɗo wa Malam Nomau a rai. Ɗan'azumi ya san labarin, don yana wurin ranar. Sai ya taka masa ƙafa mai lafiyar, ya sunkuyo ya raɗa masa.

"Kai, kar ka soma. Ai Iya ta cire. A gabana ta tofar."

"Ta tofar da yawu. Ni ban ga ƙarfe ba. Kai ka gani?"

"To idon yana maka ciwo?"

"Ba ya yi."

"To mene ne? Wata huɗu kana kwance. Ka ce a'a mu wuce wurin. Wa zai sani?"

Ku dubi wannan jarrabawa. Ba dukiyar wani aka ba shi ajiya ba. Ba shaida aka kira shi a gaban alƙali ba. Kalma ɗaya ce, a'a, kuma ƙofar ɗakin tana nan a gabansa, yana kallonta. Ƙafarsa na zugi. Iyalinsa na gida suna jira.

Bawan Allah nan ya ɗago kai ya ce, "'Yata, ya taɓa faɗawa. An ce an cire, amma ni ban tabbata ba. Abin da ban tabbata ba kuwa ba zan ce miki a'a a kansa ba."

Ɗan'azumi ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan! Mun sha hanya a banza."

Aka kira wata mata da ke bayansa, ta shiga. Shi kuwa aka tura shi wani sashe, aka ɗauki hoton ƙashi na fuskarsa. Bayan azahar likita ya kira su. Ya ɗaga hoton a gaban fitila, ya nuna da bakin biro. Ga wani ɗan fari fat, bai kai ƙwayar gero ba, a kwance a gefen idon dama.

Likita ya ce, "Malam, ka ga wannan? Shi ne ƙarfenka. Nama ya rufe shi, shi ya sa ba ka jin komai. Da ka shiga ɗakin can, maganaɗisun zai iya motsa shi. In ya motsa a wurin nan, ba na ce maka idon zai tsira ba."

Ɗan'azumi ya zauna a ƙasa daɓas.  Ya ce, "Nomau, da na makantar da kai da bakina."

Malam Nomau ya ce, "Da kuwa kai za ka riƙa ja mini sanda har ka mutu."

Likitan ido ya cire ƙarfen. Da wurin ya warke, ma'aikaciyar nan ba ta bari ya sake jiran wata huɗu ba. Wani ya fasa zuwa, sai ta sa shi a gurbinsa.

Ranar da ya shiga, ta sa masa abin toshe kunne, ta damƙa masa wata 'yar ƙwallon roba. Ta ce, "In ka ji ba daɗi, ka matsa, zan ji. Ina ganinka ta gilashi. Babu zafi, babu yanka. Ƙara ce kawai, sai kuma haƙurin kwanciya. Kada ka motsa, in ka motsa hoton zai ɓaci."

Ya kwanta rigingine, gadon ya zarce da shi cikin injin, kamar an tura mutum cikin babban bututu, wajen kai da wajen ƙafa a buɗe. Sai ƙara ta tashi, gaf, gaf, gaf, kamar mata goma na daka a turmi ɗaya. Ta tsaya, ta sake tashi da wata iri. Ya rufe ido yana salati a zuci. Fiye da rabin awa ko yatsa bai ɗaga ba. Da aka fito da shi, ma'aikaciyar ta ce, "Baba, hotonka ya fita tas, ba sai an maimaita ba."

A hoton nan aka ga abin da ya danne masa jijiya a ƙugu. Aka yi masa magani a daidai wurin. Kafin damina ta fita, Malam Nomau ya koma bakin aikinsa da ƙafa biyu da ido biyu, mahauta na yi masa barka, har suka yanka masa tsire kyauta.

To, 'yan uwana mata, ga abin da nake so mu tafi da shi gida. Gaskiya ba sai a babban abu ba. Har a amsar da babu mai iya kama ka a kanta, Allah yana ji. Malam Nomau ya faɗi gaskiya yana zaton asara zai yi, ashe idonsa yake ceto.

Mu kuma fa? Sau nawa muke zuwa asibiti a tambaye mu, mu ɓoye? Kin sha maganin gargajiya, kin ce ba ki sha ba. Kina zargin kina da ciki, kunya ta hana ki faɗa. An ce a wanke kwalli, a cire 'yan kunne da fil ɗin ɗankwali, kin bar ɗaya a cikin kitso don kina ganin ƙarami ne. Nasa ma ƙarami ne. Wanda ke tambayarki ba tonon asiri yake yi ba, tsare ki yake yi. In an rubuta wa ɗayanmu wannan hoto, ta je da wuri, ta bar ƙarfe a waje, ta kwanta ta natsu, kuma ta faɗi duk abin da ta sani. Wanda ba ta tabbata ba, ta ce ban tabbata ba.

Allah Ya ba mu harshe mai gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku ce amin.