Bindigar Da Nomau Ya Mayar Cikin Tuli

An yi wani mutum a wani gari, da daɗewa, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Aikinsa a masana'antar bindigogin soja yake. Ya gwada bindiga, in ta yi kyau ya buga mata hatimi, a sa a akwati. Ba hatiminsa, ba ta fita.

Sai aka fara ƙera wata sabuwar bindiga, ana ta gaggawa domin yaƙi ya matso. To, ku saurara. Bindigar nan in ta ɗauki zafi sai kwanson harsashi ya maƙale a ciki, ta cije. Ka ja kunama, shiru. Ba duka ba, amma da yawa. Kuma kowa a wurin ya sani.

Nomau ya ƙi buga hatimi. Shugabansa ya jawo shi gefe, ya ce, "Malam Nomau, ɗanka Sanda yana cikin sojojin da za a tura fagen yaƙi, ko? Zaɓi mai kyau, ni zan tabbatar ta shiga hannunsa. Sauran ka buga, mota na jira."

Kada ku ce abin bai taɓa shi ba. Uba ne fa. Ya zaɓa! Ya gwada, ya sake gwadawa, har ya samu wadda ko ta yi zafi ba ta cijewa. Ya jingine ta. Amma zama ya gagare shi. Ya je ƙofa, ya dawo. Ya ɗauki hatimi, ya ajiye. Ya yi alwala, ya manta, ya sake yi. Tsoro yake ji, tsoro ƙwarai.

Can sai ya ɗauki bindigar, ya mayar da ita cikin tulin sauran bindigogin, ya cakuɗa su har shi kansa bai iya gane ta ba.

Ya ce wa shugabansa, "Yallaɓai, yanzu kowacce ta Sanda ce. Nuna mini wadda zan buga wa."

A ranar aka sallame shi. Ko an gyara bindigogin, ban sani ba, kuma ba zan ƙara muku abin da ban ji ba. Abin da na ji, bai sa hannu a ran ɗan kowa ba.

Amana ke nan, jama'a: kada ka ware naka. Kai mai gyaran birki da ke gyangyaɗi a baya can, da kai nake. Kai mai rage siminti, kai mai sayar da magani. Gobe kafin ka ce "ya yi," ka ɗauka ɗanka ne zai karɓa.