Jirgin Rimi da Tarun Gari

Akwai wani mutum, masunci, a wani ƙauye da ke bakin babban kogi. Mai tausayi ne ƙwarai, irin wanda ko kaza ya ga ruwa ya doka sai ransa ya ɓaci. Dukiyar ƙauyen nan kuwa guda ɗaya ce, wato taru, babbar ragar kamun kifi da dukan gari ke ja tare, a raba abin da aka samu gida-gida. In an gama su, akan shanya tarun a kan wani tudun yashi can tsakiyar kogi, gama babu filin da zai ɗauke shi a gaɓa.

Ana nan sai ɓarayin ruwa suka fara ɗauke tarun ƙauyukan maƙwabta. Dattawa suka zauna, suka ce a sayi jirgin tsaro, kwale-kwale mai matuƙa shida, wanda zai iya bin ɓarawo ya cim masa. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Wata gwauruwa ma akuyarta ta sayar. Aka damƙa wa mutumin nan kuɗin ya je ya sayo, domin an san ba ya cin amana.

Da ya isa garin masassaƙa, na farko ya nuna masa jirgin itacen maɗaci, mai nauyi, ba fenti ba ado, kuɗinsa kuma zai haɗiye dukan abin da ya riƙo. Masassaƙin ko kai bai ɗaga daga aikinsa ba. Ya ce, "Haka yake. In ka saya, ni da kai mun rabu ke nan, ba za ka dawo neman gyara ba."

Na biyu kuwa tun daga nesa ya taso da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa!" Alhali mutumin nan ko sarkin tsakar gidansa ba a taɓa kiransa ba. "Zo ka ga jirgin manya. Ɗaga ka ji. Ka ji? Audugar rimi ma ta fi shi nauyi! Wannan ai ba tafiya yake yi ba, tashi yake. Rabin kuɗin wancan, don fuskarka kawai, kada ka gaya wa kowa." Jirgin na itacen rimi ne, ya fi na farko girma, an shafe shi da kore da ruwan ɗorawa, har an zana masa kifi mai gashin ido.

Mutumin ya tsaya tsakanin jirage biyu, sai akuyar gwauruwa ta faɗo masa a rai. Ya ce a zuciyarsa, talakawa ne suka aiko ni, me zai sa in ƙarar da su? Ya tambayi tsawo, ya tambayi faɗi. Abin da jirgin zai riƙa nema bayan an kai shi gida ne kaɗai bai tambaya ba. Ya sayi na rimi, ya komo da ragowar, ya mayar wa kowa nasa. Gwauruwa ta fanso akuyarta, mata suka yi ta guɗa.

Shi rimi kuwa itace ne mai shan ruwa kamar soso, in kuma rana ta buge shi sai ya tsage. Shekarar farko, mutum ɗaya cikin shidan ya ajiye filafili ya ɗauki ƙwarya yana kwarfar ruwa. Aka yi dariya, aka naɗa shi Sarkin Kwarfa. Shekara ta biyu aka sayi kwalta, aka cusa tsumma a tsagogi, har tsofaffin zannuwan matan gari suka ƙare. Kowane rani sai a sake bin gidaje ana neman na gyara. Gwauruwa ta sayar da ɗan akuyar, daga baya uwar ta bi. Mutumin bai yi jayayya da kowa ba. Ya karɓi ƙwarya da kansa ya ce, "Ku bar mini, ni na saya."

Wata rana da tsakar rana aka ji ihu: ga ɓarayi biyu can a tudun yashi suna naɗe taru! Mutanen shida, har da mutumin nan, suka faɗa jirgi. Kafin su kai rabin hanya ruwa ya rufe idon sawu. Mutum ɗaya bai isa ba, na biyu ya ajiye filafili, na uku ya cire hularsa yana kwarfa da ita. Ukun da suka rage suna tuƙi kamar ransu zai fita, jirgin yana jan ciki kamar saniya a laka.

Ɓarayin suka gama lodi a natse, a cikin wani tsohon jirgin maɗaci da ya yi baƙi don tsufa. Ɗayansu ya ɗaga hannu da ladabi ya ce, "Sannunku da aiki, Baba! Kogin za ku kwashe? In kun gama ku bar mana kifin!" Suka sha kwana, suka ɓace.

Mutumin ya sauko gaɓa da ƙwarya a hannu. Ba wanda ya zage shi, gama kowa ya san don su ya yi, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. A shekarar nan mazan gari suka watsu suna jan tarun wasu a biya su lada, yara kuma suka sha miya ba kifi a bakin kogi.

Ma'anar wannan misali ita ce: kowane abu yana da farashi biyu. Akwai wanda kake biya ranar kasuwa, akwai wanda za ka riƙa biya kowace safiya. Na farkon ne mai sayarwa yake faɗa da ƙarfi.

Jirgin rimi shi ne hanyar da ta yi araha yau. Ƙarya ce da ka yi don ka tsira daga kunyar minti ɗaya, ga shi kullum sai ka cusa mata sabon tsumma. Abota ce da mai daɗin baki. Kwanon rufin majami'a ne marar kauri, da aka saya don a ce dattawa sun iya ciniki. Masu zama da bokiti a layin baya sun san sauran labarin. Jirgin maɗaci kuwa shi ne gaskiya da tuba. Suna da nauyi ranar ɗauka, sukan kwashe dukan abin da ke hannunka, amma sau ɗaya ake biya.

Kada ku raina mutumin nan, 'yan'uwa. Zuciyarsa mai kyau ce, kyakkyawar niyya dai ba ta toshe tsaga. Ubangiji ya ba kowannenmu hannu biyu don aikinsa, hannun da ke riƙe da ƙwarya kuwa ba ya riƙe filafili. In ka san akwai abin da kake kwarfa a ɓoye shekara da shekaru, jawo shi gaɓa yau, ka faɗi gaskiya, tun tarunka yana kan yashi.